Gyaran da Mai Tabarau Ya Ƙi Ji

Wanda ya fara kafa dokar shiru shi ne Tsohon Mai Gyara, kuma ya kafa ta ne a shekarar da ya ajiye aiki a maɗaba'a, bayan idanunsa sun gaji da farautar kurakurai a littattafan mutane. A waccan shekara ya buɗe wani zaure a intanet domin masu burin zama marubuta, inda kowa zai saka babin littafinsa da ba a buga ba, sauran su karanta a wayoyinsu, su nuna masa inda labarin ya yi ɗingishi.

Dokar kuwa ga ta. Marubucin da ake yi wa gyara ba ya kare kansa, ba ya kuma tambayar mai gyara ko shi wane ne. Abin da aka yarje masa kawai shi ne ya rubuta, "Na ji." In ya rubuta haka, to, ya ɗau alkawarin yin gyaran ke nan kafin ya kawo sabon babi. Wanda ya yi musu, a fitar da shi, a share duk abin da ya saka. An yi wa wani malamin makaranta haka a farkon zauren, ranar da ya tsaya bayyana wa mutane manufarsa. An yi wa wata mai sayar da magani haka, ita da laifinta bai wuce cewa "amma" ba. Tun daga kansu babu wanda ya sake gwadawa.

Mai Tabarau ya shiga zauren yana da furfura a gefen kunne. Shagonsa na kan wani titi mai yawan hayaniya, cike da madubai, da allon haruffan da ke ƙanƙancewa daga sama zuwa ƙasa, da injin goge gilashi. Duk lokacin da masu zuwa gwajin ido suka tsagaita, sai ya jawo wayarsa ya yi rubutu a tsaye. A gida yana da matarsa, da mahaifiyarsa, Inna, wadda tsufa ya fara kwashe wa tunani, takan manta ta ci abinci, amma ba ta taɓa manta cewa shi ne autanta ba.

Littafinsa a kan yayarsa yake. Yaya ta rasu da zazzaɓi tana budurwa, shi kuwa yana ɗan firamare. A cikin littafin sai ya ƙi barinta ta mutu. Ya rubuta cewa tafiya ta yi zuwa wani gari mai nisa, ta girma a can, kuma yanzu ta kamo hanyar gida, kowane babi tana ƙara matsowa.

Babi na farko ya sha abin da sababbi kan sha. Wani ya ce jimlolin sun yi tsawo, wata ta ce ruwan sama ya yi yawa a shafi guda. Can ƙasa kuma ga gyara daga wani ɗan zaure marar hoto, wanda a gurbin sunansa ɗigo ɗaya kawai ya saka, shi ya sa 'yan zaure ke kiransa Ɗigo. Abin da ya rubuta gajere ne: "Da hannun hagu take tsefe kanta."

Mai Tabarau ya yi tsaye da wani firam na tabarau a hannu. Haka ne kuwa. Yaya bahaguwa ce, ya manta, bai kuma rubuta hakan a ko'ina ba. Ya ce a ransa dace ne, mai karatu ya so ya ƙara wa yarinyar armashi. Ya rubuta, "Na ji," ya gyara.

A babi na biyu ya rubuta cewa tana kiran ƙanenta "ƙanena". Ɗigo ya ce, "Ba haka take kiransa ba. Kunnen Zomo take ce masa." A ranar Mai Tabarau ya juya wa wani mutum gilashin dama zuwa hagu, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyon sana'a.

Da ya koma gida da la'asar, ya nuna wa matarsa.

Ta ce, "Kunnen Zomo! Maigida, ashe kana da suna mai daɗi haka kake ɓoye mini? Juyo in gani. Kai, lallai marigayiya ba ta yi maka ƙarya ba."

Ya ce, "Ke bar wasa. Wa ya san sunan nan a duniya?"

"Wani ɗan unguwarku na da mana. Ko ka ɗauka kai kaɗai Allah ya ba waya? Tambaye shi ka huta."

"Ba a tambaya."

"To, sai ka ci gaba da ji, marubucin gidanmu."

Inna na zaune a kujerarta ta falo, wadda take fuskantar taga. Ba ta juyo ba ta ce, "Wa ke kiran Kunnen Zomo? Ku gaya mata ta bar yaron nan ya sarara."

Matarsa ta daina dariya.

Duk da haka bai fasa ba, domin gaskiya ita ce littafin gyaruwa yake yi. Ɗigo ba ya taɓa jimla ko waƙafi, Yaya kawai yake gyarawa. Ya ce ba ta tafiya a tsakiyar hanya, gefe take bi tana shafa bango. Ya ce in za ta yi dariya, tana fara rufe ido. Kowane gyara in Mai Tabarau ya saka, sai yarinyar ta ƙara miƙewa a kan shafi, har ya zama yana jin kamar in ya waiga a shago zai gan ta a ɗaya daga cikin madubai. 'Yan zaure suka fara jiran babinsa. Tsohon Mai Gyara, wanda yabonsa ya fi ruwan rani wuya, ya rubuta cewa tun da ya buɗe zauren bai ga littafin da ya kai wannan ba, kuma in an kammala shi, da hannunsa zai miƙa shi ga masu buga littattafai. Mai Tabarau ya karanta wannan yabo har ya haddace shi.

A babin da Yaya ta hau mota, Inna ta ce a juya mata kujera ta fuskanci ƙofa. A babin da Yaya ta sauka a tashar garinsu, Inna ta ce a nemo mata takalmanta na fita, ita da ta daɗe ba ta taka ko bakin titi ba. Matarsa ta nemo, ta goge, ta ajiye a gefen kujera, sannan ta ja shi kicin.

Ta ce, "Kana karanta mata abin nan ne?"

"Ko layi ɗaya ban taɓa ba."

"To, ni ma ban taɓa ba. Maigida, ka tsayar da yayarka a tasha ta sha iska."

Ya ce, "Saura babi ɗaya."

Ya rubuta babin ƙarshe da taka-tsantsan. Ya kawo Yaya har ƙofar gida da rana tsaka. Ta tsaya, ta ji muryar uwarta daga ciki, ta ɗaga hannun hagu za ta ƙwanƙwasa, sai ta fasa, ta juya ta koma inda ta fito. Ya saka babin da safe, ya shiga gwada idon wata tsohuwa da ta rantse duk haruffan allon iri ɗaya ne.

Kafin azahar gyaran Ɗigo ya iso, kuma shi ne mafi tsawo da ya taɓa rubutawa: "Ba ta yi wannan doguwar tafiya don ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ba kuma ta komawa ita kaɗai. Ka buɗe mata. Uwar ta fito, su tafi tare."

Zauren ya ɗauka. Wani ya ce wannan shi ne ƙarshen da littafin ke nema tun shafin farko. Wata ta ce ta yi kuka a ofis har shugabarta ta tambaye ta ko lafiya. Tsohon Mai Gyara da kansa ya rubuta, "Gyaran nan ya zauna daram. Muna sauraron marubuci." Shi ma Mai Tabarau, a matsayinsa na mai rubutu, ya san sun yi gaskiya. Ƙarshen Ɗigo ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Yatsansa har ya rubuta "Na", sai ya ajiye wayar, ya rufe shago da rana, ya nufi gida.

Ya tarar da matarsa tsaye a tsakiyar falo, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Inna na kan kujera ta fuskanci ƙofa. Ta sa kayanta masu kyau, ta sa takalman, ta sa tabaran da ya yi mata wanda kullum take ƙi, ga 'yar jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu.

Matarsa ta ce a hankali, "Da kanta ta shirya. Ban taimaka mata da komai ba."

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, ina za ki?"

"Auta, ka dawo? Matsa, kana tare mini ƙofa."

"Wa kike jira?"

"Ka fi ni sani. Tana nan tsaye, rana na dukanta. Kai ta ce take jira."

Ya waiga. Ƙofar a rufe take, irin ƙofar katako da kowa ya sani, da sakata a sama. Ta ƙasanta hasken rana kan shigo ya kwanta a kan siminti, layi ɗaya miƙaƙƙe. Yau layin ya tsinke a wuri biyu, kusa da juna, kamar inda mutum ya tsaya da ƙafafu. Babu wanda ya ƙwanƙwasa. Matarsa ta ga abin da ya gani, ta kama masa kafaɗa.

Ya san abin da musu ke jawowa, ya ga yadda aka yi wa waɗanda suka riga shi. Ya ciro wayar, ya share "Na" ɗin da ke jira, ya rubuta a ƙarƙashin gyaran Ɗigo, inda kowa zai gani: "Ban ji ba. Yaya, ki yi haƙuri. Inna ba ta zuwa ko'ina."

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Tsohon Mai Gyara ne, da muryarsa ta mai karanta hukunci.

Ya ce, "Malam, ka san doka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ban ɗaga wa malamin makaranta ƙafa ba, alhali abokina ne. Ka janye, ka rubuta abin da ake rubutawa, ni kuma in yi kamar tabarauna ya faɗi ban gani ba. Littafin nan ba naka ne kai kaɗai ba yanzu."

Mai Tabarau ya ce, "Abin da nake tsoro ke nan. Wata tambaya ɗaya, tunda na riga na ɓata: wane ne Ɗigo?"

Tsohon ya ce, "Ni na ɗauka kai ka shigo da shi. Rana ɗaya kuka shigo, kuma bai taɓa yi wa kowa gyara ba sai kai."

Da ya kashe wayar, zauren ya ɓace daga kanta. Ya dubi ƙasan ƙofa, ya ga hasken ya koma layi ɗaya.

Inna ta yi ajiyar zuciya, ta sunkuya tana kwance takalmi. Ta ce, "Ta ce dama haka kake tun kana ƙarami, ba a aike ka ka je." Ta cire tabaran ta miƙa masa. "Karɓi abinka, yana matse mini hanci. Ke kuma, yau ba a cin abinci ne a gidan nan?"

Matarsa ta ruga kicin tana dariya tana share ido.

Ga lissafin abin da ya biyo baya. Zauren ya riƙe dokarsa ba ta karye ba, ya kuma ƙara suna na uku a kan na malamin makaranta da mai sayar da magani, wanda ake ba sababbi labari. Mai Tabarau ya rasa masu karatunsa, ya rasa hannun da zai miƙa shi ga masu buga littafi. Ya samu yayarsa da hannun hagunta da dariyarta, ya samu sunansa na yarinta, wanda matarsa ba ta sake bari ya huta ba. Ya riƙe littafi mai kyau wanda babinsa na ƙarshe bai samu gyara ba, bai kuma sake buɗe shi ba. Ya riƙe Inna, kujerarta ta koma fuskantar taga. Takalman kuwa matarsa ta ɗora su can saman kabad, inda sai an taka kujera ake kai musu.