Muta'awina

Ummusalama tana tsaka da tankaɗe samfurin riɗin da aka kawo daga Fashaga, Zulaiha ta leƙo ɗakin gwaji.

"Ummu, bar wannan ki zo ofis."

Farar rigar aikin Zulaiha da sunanta a ƙirji, an ɗinka da shuɗin zare. Ta Ummusalama babu komai a jikinta. Ta kamfani ce, ana karɓe ta duk ƙarshen kaka.

Tare suka gama karatun aikin gona. A shekarar, wani kamfanin sayen riɗi na Gadarif ya nemi ma'aikatan wucin gadi, waɗanda ake kira muta'awin, wato masu taimakawa. Mahaifin Ummusalama bai daɗe da rasuwa ba, ga ƙanne a makaranta, sai ta karɓa. Zulaiha ta ƙi, ta zauna gida kusan shekara biyu tana jiran gurbin dindindin. Har tausayinta Ummusalama ta riƙa ji.

Yau Zulaiha ce shugabar sashe. Ummusalama kuwa duk kaka ake ɗaukarta, a sallame ta kafin damina. Bana da aka buɗe gurbin babbar mai gwaji na dindindin, ta nema.

* * *

Zulaiha ta rufe ƙofa, ta tura mata kofin shayi.

"Wallahi na yi faɗa a kanki har muryata ta dushe."

"Faɗa mini kawai."

"Suna son mai shekara biyar a aiki ba yankewa. Ke kuma duk kaka sabuwa ake ƙirga ki."

"Sabuwa? Zule, ni na nuna miki inda ake kunna na'urar auna danshi."

"Na faɗa musu. Manaja ya ce ba aiki kika yi wa kamfani ba, taimakawa kika yi. Ya ce sunan ma ya nuna."

"To, su ɗauke ni a matakin farko. Na yarda."

Zulaiha ta kalli shayin. "Matakin farko na 'yan ƙasa da talatin ne."

Ummusalama ta kai talatin da biyar. Ta kurɓi shayin, ya yi zaƙi da yawa.

"Ma'alesh, ya ukhti. Yi haƙuri, 'yar'uwa. Amma kaka mai zuwa sunanki ne na farko, wannan a hannuna yake."

"Na gode, shugaba."

"Haba, Ummu."

Ta koma ta ƙarasa tankaɗen. Riɗin Fashaga ya fita da kyau, ƙasa kaɗan ce a ciki.

* * *

Da la'asar ta tarar da mahaifiyarta, Inna Jummare, a rumfar tsakar gida tana zuba wa maƙwabta gahawa. Inna ba ta jin Larabcin ofis. Tun ranar farko ta ɗauka kalmar muta'awina wani muƙami ne, irin daktora.

"Ga muta'awina ta dawo!" ta ce, tana gyara zama. "Sa'adiyya, kin san duk shekara sai sun aiko neman ta da kansu? Ba su iya buɗe kaka sai da ita. Wancan girman da za a ƙara miki fa, Ummu?"

"Sai baɗi, Inna."

"Allah Ya kai mu. Kawo rigar a wanke."

Ummusalama ta ciro ta daga jaka. Saura mako guda a rufe kaka, kuma ba a mayar da ita da datti.