Dikodar Iya Maijidda

Shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki, kowa a Cadawa ya zama mai ƙaunar talaka. Alhaji Labo, da ke neman kujerar konseye, wato kansila, ya fi kowa. Ana rabon atamfa da sabulu, shi sai ya raba dikoda arba'in, akwatin nan mai kamo tashoshin tele daga kwanon parabol. Sai dai an yi musu aiki tun daga Maraɗi. Kana kunnawa fuskar Alhaji ce za ta tarbe ka da murmushi, sannan tashoshi uku kacal, duka masu yabon jam'iyyarsa.

Mutum ɗaya ne a garin ya san maganin abin: Barmo mai gyara. Ya iya hulashi, wato ya jona dikoda da tsohuwar kwamfutarsa, ya wanke mata ƙwaƙwalwa, ya zuba mata sabon tsari. Amma rumfarsa a jikin kantin Alhaji take, kuma wayar kuran, wato wutar lantarkin da yake ci da ita, daga kantin ta fito. Mutum shida suka kawo nasu, ya mayar da su da ƙaryar aiki ya yi masa yawa. Abin yana ci masa rai, don shi ma ya san tsoro ne.

Ranar kasuwa sai ga Iya Maijidda, yayar Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, da tata dikodar ƙunshe a ɗankwali. Ta ce ita Ka'aba take son gani, ta kuma ji abin da sauran ƴan takara ke faɗi kafin ta dangwala yatsa. Fuskar Labo kuwa, ita ta share mata majina shekara bakwai, ta gani ta ƙoshi.

Barmo ya yi dariya, kunya kuma ta kama shi. Ya jona waya.

Aikin ya kai kashi sittin cikin ɗari lokacin da labari ya isa kanti. Alhaji ya fito babbar riga na jan ƙasa, bai ko yi sallama ba, ya ɗora hannu a kan soket. Ya ce a tsayar yanzu, ko ya zare wutarsa.

"Wutakka ce, Alhaji, zare," in ji Barmo, bai ɗago kai ba. "Amma in kuran ya yanke ana tsakiyar hulashi, akwatin ya mutu ke nan, ko Maraɗi ba mai tashe shi. Kuma na Iya ne."

Sai a lokacin Alhaji ya lura da tsohuwar a kan benci. Ta dai gyara zama, ta tsura masa ido. Masu goro da ƴan kabu-kabu sun riga sun kewaye rumfar, ga zaɓe saura kwana tara. Wa zai kashe wa yayarsa kyautar da ya ba ta da hannunsa a gaban kasuwa?

Haka ya tsaya, hannu a soket, gumi na bin wuyansa, yana kallon lamba tana hawa a hankali. Mutanen Cadawa ba su taɓa ganin Alhaji Labo yana jiran wani abu ba sai ran nan.

Ta cika ɗari. Dikoda ta mutu ta sake kamawa, babu fuska, babu murmushi, sai ga masu ɗawafi fari fat suna zagaye. Iya ta yi salati.

Alhaji ya fizge wayar. Fanka ta tsaya, tele ta yi baƙi. Ya ce daga yau Barmo ya nemi wuta a inda ya ga dama, rumfar ma ya kwashe.

Da rumfar nan Barmo yake ciyar da mutum biyar. Amma ya tashi ya naɗe wayar tsaf, ya miƙa masa da hannu biyu. Sannan ya juya wajen jama'a, ya ce gobe yana gindin bishiyar bedin tasha da batirin babbar mota.

"Saura talatin da tara," ya ce. "Kowa shi kawo tashi da sassahe."