Naman Layyar da Malama Asabe Ta Mayar

"Ni tun azumi na ce matar nan ba ta da lafiya," in ji matar Ɗahiru, tana juya nama a kasko. "Macen da a da in ta shiga adaidaita sahu sai dai ta tafi ita kaɗai, dubi yadda zani ke zagaye ta sau biyu."

"Wane ciwo?" in ji matar Isyaku mai shago. "Sabon fasto suka yi, an ce ya hana su cin yankanmu. Ga shaida nan."

Shaidar kwano ce a rufe a kan tabarma. Soyayyen naman layya ne da Hajiya Sa'adatu ta aika wa maƙwabciyarta Malama Asabe da safe. Da kanta Asabe ta miƙo shi a bakin ƙofa, ta ce a yi wa Hajiya godiya, ta juya. Ko tsoka ɗaya ba a taɓa ba.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu a Gyaɗi-Gyaɗi. Asabe 'yar Zonkwa ce, tana koyarwa a wata firamare a Tarauni, mijinta ya rasu, 'yarta Faith tana aiki a Kaduna. Duk Kirsimeti mijin Sa'adatu take roƙo ya yanka mata kaji, don gidan Hajiya su ci. Sa'adatu ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta ɗauki kwanon.

Ta tarar da ita a kujerar roba, da kofin kunu ƙarami da cokali.

"Malama, me na yi miki?"

"Hajiya, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Yankanmu ne ya zama ƙazanta yau?"

"Haba Hajiya! Ni kaɗai ce a gidan. Kada ya lalace ne."

"Soyayyen nama ne zai lalace? In ba haka ba ne, ci in gani."

Asabe ta dube ta, ta dubi mayafan da suka fara leƙowa ta zaure. Ta buɗe kwanon, ta ɗauki tsoka. Ta daɗe tana taunawa kafin ta haɗiye. Ta ɗauki ta biyu.

Gumi ne ya fara tsattsafo mata. Ta dafe ƙahon zuci, ta durƙusa a bakin rariya tana kakarin amai, abin ya ƙi fitowa, ya ƙi wucewa. Da ya fito kuwa, da jini ya fito.

A cikin adaidaita sahu, kanta a kafaɗar Sa'adatu, ta ɗaga gefen riga ta nuna mata ƙananan tabo guda biyar a ciki.

"Wancan karon da na ce miki na tafi Jos, ba Jos na je ba. Abuja na je, aka rage mini tumbi. Suga da hawan jini sun kusa gamawa da ni. Abin da ya saura bai fi ayaba ba. Nama ba ya wucewa, ko ƙamshinsa ba na iyawa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"A ce da tsufana na je an yanka ni don gayu?"

Likita ya ce wurin ɗinkin ya daɗe da tsukewa, jikinta ya ƙare tun kafin yau, aman kuma ya yaga wani wuri. Da ya tambayi dalilin da ya sa ta ci nama bayan an hana ta, Sa'adatu na tsaye a gefen gado.

"Kwaɗayi ne, likita," in ji Asabe.

Haka ta gaya wa Faith ma da ta iso. Kwana tara Sa'adatu tana zuwa, tana goge mata fuska, tana gyara mata filo. Kullum da maganar take fitowa daga gida, kullum da ita take komawa. Faith kuwa sai godiya: "Mama Hajiya, da ba ki shigo ba a ranar, da ita kaɗai za ta mutu a tsakar gida."

Ran na goma da hantsi Asabe ta cika.

Ranar da za a tafi da ita Zonkwa, motar ta tsaya a ƙofar gida. Matan coci suna waƙa a hankali, matan layi sun yi cirko-cirko a bakin zaurukansu. An sa akwatin, direba ya kama murfin baya zai rufe.

"Dakata," in ji Sa'adatu.

Ta tsallaka kwata, ta tsaya kusa da Faith. Waƙar ta yanke. Ta ɗora tafin hannunta a kan katakon, rana ta riga ta ɗumama shi.

"Faith, ba kwaɗayi ba ne. Ni na tsaya a kanta na ce sai ta ci." Ta sunkuya daidai wajen kai. "Malama, na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."