Ganyen da Ba Ya Ruɓewa

Bishiyar turare ba ta da kunya. Ta zubar da ganye yau, ta zubar gobe, ganyen kuma ya kwanta a ƙasa ya miƙe ƙafa: ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ko akuya ta shinshina sai ta kau da kai. Ga shi da maiƙo, ƙyastu ɗaya ya ishe shi ya kama. Shi ya sa kamfanin katako ya ajiye Dogo a tsakiyar gandunsa na turare, cikin ɗaki mai rufin kwano. Aikinsa ya share hanyar da ta kewaye bishiyoyin ta zama fili tas, don in wuta ta taso daga gonakin mutane ta rasa abin takawa ta shigo.

Tsallaken rafi kuwa tsohon kurmi ne da ba wanda ya shuka. Can ma ganye na zuba, amma ba mai share shi. Kafin damina ta wuce, gara da tsutsa da laima sun mai da shi baƙar ƙasa mai sanyi. Dogo har hassadar kurmin nan yake yi. Akwai ranar da ya ɗebo ƙasar can da gararta a buhu, ya barbaɗa a kan nasa ganyen, wai ko za ta koya masa ruɓewa. Garar ta bar ganye ta cinye masa ƙyauren ɗaki. Tun daga nan in matarsa ta so tsokana sai ta ce, "Maigida, ina ma'aikatan da ka ɗauko?"

Kwanan nan ba ta tsokana. Inna, mahaifiyarsa, na kwance a asibitin birni, kullum kuma sai Yayansa ya bugo waya: "Kai take tambaya, Dogo." Manaja ya ce za a turo wanda zai riƙe masa, shiru kake ji. Ga rani ya yi tsakiya, manoma na ƙona gonaki. Ga matar da tsohon ciki, ko sunkuyawa da ƙyar take yi, balle gudu. In ya tafi, iskar yini ɗaya ta isa ta rufe hanyar da ganye. Tsoro yake ji, na tafiya da na zama.

"Ka tafi," in ji ta. "Uwa ce fa. Ni ba yarinya ba ce, in na ga hayaƙi zan gangara rafi."

"Da wannan cikin?"

"Da shi na zo maka da abinci har bakin gandu jiya, ai ba a hanya na haihu ba."

Sai ya tashi da sassafe ya share hanyar kaf, har tafin hannunsa ya yi bororo. Ya tara ganyen tsibi guda a filin bayan ɗaki, ya yi wanka, ya sa rigarsa ta kirki. Mota ɗaya ce ke bi ta titin nan a yini, ta 'yan kasuwa. Ya isa bakin titi kafin ta, ya tsaya yana ta waige kamar ɓarawo.

Motar na tsayawa ya hango hayaƙi. Fari, mai kauri, daga tsakiyar gandu, daidai inda ɗakinsu yake.

"Malam, za ka ko ba za ka ba?" in ji direba.

Dogo bai san ya yar da jakarsa ba. Gudu yake, ganye na zamewa ƙarƙashin takalminsa, yana kiran sunan Allah yana kiran matarsa, ƙamshin turare mai ƙuna na cika masa hanci.

Ya same ta tsaye da bokitin ruwa a gefe. Tsibin ganyen ne ke ci a tsakiyar fili, ta kewaye shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, wutar na ci a hankali abinta.

"Gani na yi iska za ta mayar maka da shi kan hanya," ta ce. "Na ce bari in rage maka, ka zauna can hankali kwance." Sai ta dube shi da kyau, ta dubi hanyar titi, ta ɗora hannu a ka.

Bai yi mata faɗa ba. Da me zai fara? Daga nesa ana jin kukan motar tana hawan tudu, har ya ɓace.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Yaya ne.

"Ka shiga mota ko? Na gaya mata ka taso, ta sa an juya mata gado tana kallon ƙofa. Likita ya ce kada mu sa rai da gobe. Ga ta, yi mata magana."

Ya ji numfashinta a kunnensa, siriri, yana jira.

"Inna," ya ce, "ina hanya."