Kaset daga Masana'antar Majigi

Inusa ya yi ta jan igiyar injin wuta har gumi ya jiƙa masa riga, sannan injin ya yi tari ya kama. Ya shigo rumfar bidiyonsa yana goge hannu, ya yaye zanen da ke rufe da tele, ya karɓi kaset ɗin daga hannun Atika.

Hantsi ne, rumfar ba kowa sai bencina. Da gangan yayanta Yusuf ya zaɓi wannan lokaci, don kada a ce an ga matar aure a gidan kallo. Daga bakin tabki ya biyo ya ɗauko ta, jikinsa duk ƙarnin kifi. Kaset ɗin kuwa jiya wani direban Yamai ya kawo shi, daga mijinta Rabi'u. Rabi'u ya bar Madarumfa 'yarsu Bushira tana rarrafe, ya zauna Kotono, daga can ya ƙare a Turai. Yanzu Bushira tana lakwal, makarantar boko. Saƙo kan zo jefi-jefi, amma ba wanda ya sake ganin fuskarsa, kuma Yusuf ya daɗe yana cewa a je gaban alkali a raba wannan aure na jira.

Tele ya yi shuu, hoto ya yi rawa, sannan ya zauna. Wani dogon ɗaki ne fari fat, mutane cikin fararen kaya, kai a rufe, baki a rufe.

"Salamu alaikum, mutanen gida. Ni ne Rabi'u."

Atika ta amsa sallamar kafin ta tuna ba jin ta yake ba.

Muryar ta ce wani abokin aiki ne ya riƙe masa kamara, kuma sai da suka nemi izini. "Kullum ana tambaya aikin me nake yi. To ga shi. Majigi muke haɗawa, amma ba irin wanda ake zuwa da shi ƙauye a mota ba. Wannan a gida ake sa shi. Masu hali a nan, ɗaki guda suke warewa don kallo kawai."

Ɗaya daga cikin masu fararen kayan ya ɗaga hannu, Rabi'u ke nan. Atika ta matso gaban benci. Ya ɗauko wata kwalba irin ta cikin tele, amma ƙarama, ya nuna. Ya ce uku ake sa wa kowane majigi: ɗaya tana ba da ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. Ya nuna yadda ake zuba wani ruwa mai kauri a gaban kowace, a toshe, don kada zafi ya fasa ta. Daga nan ya koma tebur ɗin gilasai. Ya ɗauki ɗaya da hannu biyu kamar ƙwai, ya hura masa iska da wani bututu, ya ɗaga shi sama ya duba, ya sake hurawa.

"Shi ya sa muke rufe kai. Gashi ɗaya in ya faɗa ciki, a bango sai ya fito kamar igiyar guga."

Inusa ya yi dariya, ya bugi cinya. "Kai! Wannan aiki da sauran kallo."

Yusuf bai yi dariya ba. Ya harɗe hannuwa ya ce, "Mu dai muna jiran ya zo kan maganar."

Atika ta ƙura wa tele ido. Hannuwan Rabi'u take kallo. A da, hannuwan nan ba su san a hankali ba. Ko ƙofa zai ja sai ta yi ƙara. Ga su yanzu suna lallaɓa gilashi, suna ɗaura ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta rasa ko daɗi take ji ko haushi.

Sai aka shiga wani ɗaki mai duhu. Majigin yana kan tebur da idanunsa uku, bango kuwa cike da layuka masu giciye kamar ragar kamun kifi, ja daban, kore daban, shuɗi daban. Rabi'u ya ce nan ne aikinsa na gaskiya. Yana danna wani abu, layukan suna matsowa kaɗan-kaɗan har suka hau juna suka zama fari. Ya ce wani lokaci yini guda yake yi a kan majigi ɗaya, sannan a bar shi a kunne kwanaki a ga ko zai yi gardama, kafin a sa shi a kwali.

Can ya fito waje, ya cire abin bakin. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya gaida Atika, ya ce ta ƙara haƙuri. Ya gaida Bushira. Sannan ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya.

"Inna, ina gaishe ki. Na san idonki ba ya ganin ƙaramin tele, sai dai a gaya miki. To ki ji. Akwai wani tsohon majigi da aka dawo da shi, shugabana ya ce in na ƙara shekara guda zai bar mini da sauƙi. Shi ya sa ban taho bana ba. In na zo, farar ƙasa zan shafa wa bangon zaure, in sa miki kaset ɗin aikin hajji, ki ga Ka'aba da girmanta."

Hoton ya yanke. Tele ya koma shuu.

Inde, mahaifiyar Rabi'u, ta rasu tun daminar bara, Atika ce ma ta yi jinyarta. Babban wansa Sani ne ya hana a sanar da shi, wai kada hankalinsa ya tashi ya baro aiki. Inusa ya sani, duk gari an sani. Ya miƙe ya kashe tele, ya fita waje kamar zai duba inji.

Yusuf ya saki hannuwansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙan Inde."

"Amin," in ji Atika.

Ta zauna har idanunta suka bushe. Da Inusa ya dawo da kaset ɗin a hannu, ta karɓa ta ɗaure a gefen mayafi.

"Malam Inusa, a Maraɗi akwai mai irin kamarar nan?"

"Akwai wani kusa da babbar kasuwa, mai ɗaukar biki."

"Yana ɗaukar mutum yana magana kawai?"

"Me zai hana?"

Yusuf ya dube ta. "Atika, Sani fa ya ce kada a faɗa masa."

"Yaya, ba Sani ke zaman jira ba. Ni na rufe mata ido, ni zan gaya wa ɗanta, da bakina, yana kallon fuskata. In ya ji ya taho, to. In kuma ya ji ya zauna, sai mu je wurin alkalin da kake faɗa, ba zan ƙara musa maka ba."

Yusuf ya miƙe. Ya ɗauki hularsa daga kan benci ya karkaɗe.

"Motar Maraɗi da sassafe take tashi," in ji shi. "Ki wanke wa Bushira kayanta yau."