Waƙar Da Aka Gyara Wa Dada Abla

Shekara uku Esinam Dogbe ta yi tana zirga-zirga tsakanin Akkara da Keta, garinsu na bakin teku, tana naɗar waƙoƙin makoki daga bakin kakarta, Dada Abla. A kansu ta rubuta kundin digirinta na biyu a sashen nazarin Afirka.

Ranar kare kundin, shugaban sashe, Farfesa Ntiamoah, ya yi ta juya shafuka yana taɓe baki.

"Yarinya, me ya sa kika ce Whitcombe ya yi kuskure?"

Whitcombe wani Bature ne da ya rubuta littafi kan waƙoƙin Keta shekara hamsin da suka wuce. Da littafinsa ake koyar da kowa a sashen.

"Ranka ya daɗe, waƙar da ya ce ta kiran kifi ce, kukan uwa ce da teku ya cinye mata ɗa. Kakata ce ta rera masa ita. Ya shigo musu gidan makoki da na'ura, ko gaisuwa babu, shi ne ta faɗa masa abin da zai sa ya tafi."

Wani malami ya yi dariya. Farfesa kuwa ko murmushi bai yi ba.

"Kakar taki ta taɓa buga littafi?"

"Ba ta iya karatu ba, ranka ya daɗe."

"To ki gyara, ko ki ƙara shekara."

Mako biyu ta yi tana kallon shafin nan. Daga ƙarshe ta goge maganar tsohuwa, ta sa ta Bature. Aka ba ta digiri da yabo.

Ta tafi Keta da kundin a jaka. Ta tarar da Dada Abla tana tuƙa akple, tuwon masararsu, a bakin murhu.

"Karanta mini abin da na ce," in ji tsohuwa.

Esinam ta yi ta fassara mata, har ta iso wurin. Muryarta ta yi ƙasa, amma ta karanta. Tsohuwa ta tsayar da muciya.

"Kiran kifi? Waƙar da na yi wa ɗana, kawunki Kobla, da teku ya cinye, ita ce kiran kifi?"

"Dada, sai da haka za su ba ni takardar."

"Shi Bature baƙo ne, ni na yi masa ƙarya. Ke fa, da na goya ki ina rera ta?"

Esinam ta rufe kundin. Tsohuwa ta zuba mata abinci kamar kullum, har da ƙarin kifi. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, amma ba ta sake yin waƙa a gaban jikarta ba.