Gunnel da Katun ɗin Ƙarfe Uku

Kawu Evert ne ya sa na fito da mota ranar jajiberin Kirsimeti, ƙarfe biyu ta gota, kunun shinkafata yana kan wuta. Wa ke fita a irin wannan lokaci in ba wanda gobara ta kora ba? Na ce masa, "Haba Kawu, ka bari sai gobe mana. Gunnel ɗin ba guduwa za ta yi ba."

"Gobe ba a nuna katun," in ji shi, yana nufin wasan zanen yaran nan da talabijin ke nunawa ƙarfe uku na kowane jajiberin Kirsimeti, wanda duk ƙasar ke zama kallo. Yana tsaye a bakin ƙofata cikin kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ya yi aski har ya yanke haɓa. "Yau za ta gane ni, Ylva. In yau ba ta gane ni ba, to shi ke nan."

Kawu Evert wan mahaifiyata ne, ya haura saba'in, bai taɓa aure ba. Duk ƙauyenmu an san dalili, shi kaɗai yake zaton sirri ne. Gunnel ce dalilin. Gidan ubanta ne aka fara sayen talabijin a ƙauyen, can Kawu ya fara ganin katun ɗin nan yana ɗan shekara goma, zaune a ƙasa kusa da ita. Ta gutsura masa biskit ɗin citta, ya ci, daga nan bakinsa ya mutu. Har ta girma ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa suka koma kudu, bai ce mata uffan ba. Bara 'yarta ta dawo da ita gidan kula da tsofaffi na birnin Umeå, mijin ya rasu, ita kuma ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Kowace Alhamis Kawu yana zuwa gaishe ta, kowace Alhamis sai ta miƙa masa hannu ta ce, "Sannu da zuwa, Fasto." Mutumin da rabonsa da coci tun bikin iyayena!

Muka kama hanya, duhu ya riga ya sauka, don a nan arewa rana da wuri take faɗuwa lokacin hunturu. Ni direbar bas ce, na san titin nan kamar yunwar cikina, amma wallahi ban taɓa ganinsa haka ba. Ko mota ɗaya babu. Kowace taga da kyandirorinta a jere, a bayansu kuma hasken talabijin shuɗi-shuɗi, gida bayan gida har iya ganin ido. Duk tsawon rayuwata ina cikin ɗaki a wannan sa'a, ban san yadda ƙasa gaba ɗaya take yin tsit ba in an kalle ta daga waje. Na daina mita.

A gidan tsofaffin, Pernilla ma'aikaciyar jinya ta riga ta jera su a falo, wasu a keken guragu, wasu lulluɓe da bargo. Ta yi mana nuni da kujera, ta ɗora yatsa a baki. Ko ba ta yi ba mun sani. In an fara, ba a magana, ba a ɗaga waya, ko tari sai ka haɗiye abinka. Na taɓa ganin mahaifiyata ta kori likita daga ɗaki saboda ya yi atishawa.

Gunnel tana gefen taga, an tsefe mata farin gashinta. Kawu ya rusuna gabanta.

"Gunnel, ni ne."

"A'a, Fasto! Yau ma aiki? Ba a ba ku hutu ne?"

Na ga fuskarsa ta faɗa, amma ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

Aka fara. Ba wani dogon labari ba ne. Yaro ne mai jar hula yake son yarinyar maƙwabta, gobe kuma iyayenta za su tashi daga garin. Ya kasa yi mata magana, sai ya je ƙarƙashin tagarta ya dunƙula dusar ƙanƙara ƙwallo-ƙwallo, ya jera kamar ɗan rumbu, ya kunna kyandir a ciki irin yadda duk muka yi muna yara. Ya laɓe bayan itace yana jira ta leƙo. Iska ta kashe kyandir, ya sake kunnawa. Ta sake kashewa. Lokacin da yarinyar ta ɗaga labule, ashanarsa ta ƙare, ba ta ga komai ba sai duhu.

Na kalli katun ɗin nan tun ban iya ɗaura takalmi ba, amma ran nan falon nake kallo. Tsofaffin da ba su san sunan 'ya'yansu ba, leɓunansu suna bin kowace kalma, ba wanda ya yi tuntuɓe. Wani dattijo da Pernilla ta ce tun bazara bai buɗe baki ba, na gan shi ya ɗaga hannu yana kare harshen wutar daga iska, kamar kyandir ɗin a gabansa yake. Ikon Allah! Ina wannan abu ya ɓuya a cikinsu, da ciwon ya kwashe komai ya bar shi? Tsoro ya kama ni, irin wanda ke kama mutum a bakin teku.

Daidai inda yaron ya ƙyasta ashanarsa ta ƙarshe, Gunnel ta karya doka. Ta kama hannun rigar Kawu ta jawo shi. Ina bayansu, na ji komai.

"Fasto, in gaya maka wani abu?"

"Ina jin ki."

"Akwai wani yaro a ƙauyenmu, Evert, ɗan gidan Hedlund. Mai kunnuwa fato-fato." Ta yi 'yar dariya ta rufe baki, sai ka ce yarinya. "Ni na matsa wa Baba ya kira shi kallo. Kuka na yi ta yi har ya aika."

Ta ƙara rage murya ta ci gaba.

"Duk shekara in an gama sai in ruga taga, ko ya yi mini fitilar ƙanƙara irin ta yaron nan. Duk shekara fa. Har ranar da aka sa mini zobe sai da na leƙa."

"Da kin gaya masa," in ji Kawu.

"Ni? Tabɗi! Ai sai in mutu don kunya." Ta ƙara matse hannunsa. "Kada ka faɗa masa, ka ji? Ka yi mini alkawari."

Na ce a raina, yanzu ne, Kawu, buɗe baki ka ce ga ni! Saura kaɗan in zungure shi. Ya daɗe yana kallon fuskarta, ita kuma tana jiran amsar fasto, idonta cike da yarda.

"Na yi alkawari," ya ce. "Ba zai ji daga bakina ba."

Ta sauke ajiyar zuciya. Can kuma ta ce, "Ko ya samu mace tagari?"

"Bai yi aure ba."

"Sakarai," in ji Gunnel, a hankali, da wani irin taushi da ban taɓa jin an zagi mutum da shi ba. Ta mayar da kai kan talabijin, amma ba ta saki hannunsa ba har aka gama.

Da muka tashi tafiya ta ce, "Sai Alhamis, Fasto. Ka gaida mutanen gida."

A mota na kasa daurewa. "Kawu, don me ba ka faɗa mata ba? Kai da ka yi aski har da jini!"

"Ba ki ji na yi alkawari ba?"

"Amma ai ba ta gane ka ba."

"Ba ta gane ni ba." Ya cire tabarau, yana dariya hawaye na bin kumatunsa. "Ita ta sa aka kira ni, Ylva. Ni ina zaton uban ne ya ji tausayina. Ashe ita ce."

Makulli yana hannuna, na kasa tayar da motar. Muka zauna a wurin ajiye motoci har mutane suka fara fitowa kan titi.